Memorin da Rahina Ta Ƙi Bayarwa

A gidan suna na fara jin maganar, ana cikin raba goro. Wata mata da ban ma riƙe sunanta ba ta sunkuyo ta ce wai Rahina, ɗiyar marigayi Alhassan tela, infoma ce. Wai tana yawo ƙauyuka da waya, ta shiga gida, ta ja mutum ɗaki ta rufe ƙofa, ta naɗi bayani, ta zuba a memori ta kai wa mutanen daji. Wai ta je Kurya Madaro ran Talata, ran Alhamis aka shiga garin aka tafi da mutum goma sha huɗu. Wai an ce ta nuna abin da ke cikin memorin, ta ƙi.

Na ce, "Wa ya gani?"

Ta ce, "Ai kowa ya sani, Malama Asibi."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa kafin in ajiye alli, kuma duk yaron da ya ce mini "kowa ya sani" na san bai yi aikin gida ba. Amma wannan ba aji ba ne. A Kaura ta yanzu, in aka liƙa wa mutum sunan infoma, ba a kai shi kotu. Danginsa ne ke zuwa bayan gari su ɗauko shi a tabarma. Don haka ban bari maganar ta kwana a kunnena ba.

Ni na koya wa Rahina karatu daga aji huɗu zuwa shida. Yanzu shekararta ashirin da shida, tana ɗinki a shagon da ubanta ya bari. Ita ce kuma shugabar wata ƙungiya ta masu son katun ɗin Japan, abin da su ke kira anime. Sun fara ne shekarar da aka katse layukan waya a jihar nan, lokacin da ba mai iya sauko da komai, sai dai a ba direba memori ya kai Shinkafi, wani ya karɓa ya miƙa Zurmi. Da layi ya dawo ba su watse ba. Suka koma fassara fim ɗin da kansu, suna sa masa muryoyinsu da Hausa. Sau ɗaya a shekara, bayan an yanke gero, sai su taru daga garuruwan uku, su yi shiga irin ta jaruman, da takubban kwali da gashin ulu mai launin shuɗi, su kalli abin da suka yi. Ba a biyan kowa, ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Zauren ƙaramar makarantata da ke bayan tsohuwar tashar jirgi nake ara musu. Ban taɓa zama na kalla ba. Abin da na sani shi ne suna share wurin fiye da yadda suka same shi.

Kwana uku na yi ina bin maganar baya-baya. Matar gidan suna ta ji daga ƙanwar mijinta. Ita kuma a wurin markaɗe. Mai markaɗe ta ce matar Usmanu direba ce ta faɗa. Na tarar da Usmanu a tasha, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota.

"Usmanu, fito. Mi ka ce game da Rahina?"

Ya fito yana goge hannu a wando. "Ni, Malama? Wallahi abin da ni ce wa maiɗakina, na kai ɗiyar tela Kurya ran Talata, Allah ya sa ba ran Alhamis ta ba. Shi ke nan."

"Mutum nawa ka kai Kurya ran nan?"

"Mota cike. Tara, har da mai kaji."

"Mai kajin fa, shi ma infoma ne?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shi ba ya rufe ƙofa da mutane, Malama. Kuma da yaran tasha sunka ce ta kunna musu memorin, cewa ta yi ko uwarta ba za ta kunna wa ba. Kin san mutane."

Na san mutane. Amma abu biyu na nan da ba matarsa ta ƙirƙiro ba: rufe ƙofa da ƙin kunnawa.

Da yamma sai ga Armiya'u, mataimakin Rahina a ƙungiyar, ma'aikacin ɗakin magani ne, yaro mai natsuwa. Ya cire takalmi tun daga soro, ya tsuguna nesa.

"Malama, alfarma muka zo nema, ni da sauran kwamiti. Ki ce kin fasa ba mu zaure."

"Ku da kanku?"

"In babu zaure babu taro. In babu taro Rahina za ta sauka daga shugabanci, ta tafi Gusau wurin gwaggonta har ƙura ta lafa. Mun roƙe ta, mun yi ƙuri'a, shida cikin bakwai. Ta ce ƙuri'a ba ta sauke shugaba sai an nuna fitowa ta ƙarshe. Kuma gaskiyarta, haka munka rubuta da hannunmu."

Na ce ya yi mini bayani kamar yana yi wa 'yar aji ɗaya. Ya ce dokarsu ita ce babu wanda zai riga wani ganin ƙarshen labari. Fim ɗin bana fitowa ashirin da huɗu ne. Ashirin da uku sun zaga garuruwa, kowa ya gani. Ta ƙarshe sai a zaure, kowa da kowa, lokaci guda. Amma dole wani ya gan ta, ya fassara, ya haɗa muryoyi. Wannan shi ne shugaba.

"Shi ya sa ba mai son kujerar, Malama. Shugaba shi kaɗai ke zama a zaure ya riga ya san komai. Shekara uku ke nan tana ɗauka don kowa ya ƙi."

"To ta kunna wa mai unguwa mana, a huta."

"Mun ce mata."

Na ce masa zaurena ba ya rufuwa don tsoron matan markaɗe, kuma ba zan yi ƙarya in ce na fasa ba. In zan fasa, sai na ga dalili da idona.

Washegari na same ta a shago tana manna azurfar takarda a jikin wani sulke na kwali. Ta rame. Ta miƙe ta ba ni kujerar keken ɗinki.

"Armiya'u ya zo wurinki," ta ce.

"Ya zo. Yaushe za ki sake fita ɗaukar murya?"

"Gobe, Shinkafi. Saura mutum ɗaya."

"Tare za mu."

"Malama, hanyar nan da ciwon ƙafarki?"

"Mota za ta taka ta, ba ni ba."

Muka bi ayarin 'yan kasuwar Alhamis da hantsi, Usmanu na tuƙi, ba mai magana sai mai tasbihi a baya. Dawa ta yi tsawo har bakin kwalta, kowa idonsa na kanta. Mun isa lafiya.

Wadda muka je wurinta Balaraba ce, mai awara, uwar 'ya'ya biyar, da murya kamar ta mai tallan magani a lasifika. A fim ɗin, ita ce shugabar 'yan fashin teku. Tana ganinmu ta hau korar kaji, ta ɗaure akuya a bayan gida, ta ba yara kwano ta ce su tafi maƙwabta. Mijinta ya ɗauko tabarma ya zauna a ƙofar gida, aikinsa ya hana masu sallama ɗaga murya. Muka shiga ɗaki, Rahina ta rufe ƙofa, ta toshe taga da filo, suka shige ƙarƙashin bargo su biyu da waya, a wannan zafin. Ni ina bakin gado ina fifita.

Rahina ta riƙa miƙa mata 'yan guntayen takardu ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba.

"Wannan da fushi, Yaya Balaraba."

"Wa nike yi wa fushin?"

"Ba ruwanki."

"Ke dai Allah shi isa tsakanina da ke. Shekara guda ina zagin mutane ban san ko su wa ba ne."

Can Rahina ta ce, "Saura biyu. Ki mutu, sannan ki yi dariyar nasara."

Balaraba ta leƙo daga bargo, gumi na zuba, ta dube ni. "Kin gani, Hajiya? Kowa sai ta sa shi ya mutu sau ɗaya, ya yi dariya sau ɗaya, don kada mu gane wadda za ta ɗauka. Bara na mutu har sau uku, ashe aure anka yi mini a ƙarshe." Ta koma ciki ta mutu, mutuwa mai tsawo, har mijinta ya yi gyaran murya daga waje.

Ga rufe ƙofa, na gani. Saura ƙin kunnawa.

A hanyar dawowa ban tambaye ta ba, don mota na da kunnuwa. Sai da muka sauka, muka shiga gidana, na zuba mata kunun tsamiya.

"Gidan wa kika je a Kurya?"

Ta ce, "Gidan su Safiya."

"Wace ce?"

"Ita ce muryar jarumar. Yarinyar da ke kai wasiƙu tsakanin tsibirai. Tun fitowa ta ɗaya ita ce." Ta ajiye kofin. "Tana cikin sha huɗun, Malama."

Ta ci gaba.

"Ran Talatar ta riƙe mini mayafi, wai in gaya mata ko yarinyar ta kai wasiƙar ƙarshe. Na ce ta jira taro kamar kowa. Ta ce in ta riga ni mutuwa sai fatalwarta ta fito mini. Muna dariya." Ta share hanci da bakin mayafi. "Kin san Kaura. Memori ya shiga waya ɗaya da azahar, kafin la'asar yana wayar kowane mai cajin waya. Safiya ta dawo ta tarar yaran tasha na ba juna labarin abin da ta yi wata tara tana yi wa murya? Ba da hannuna ba."

"To ran taro fa?"

"Za a yi taro. Za a yi shiga, za a kalli ashirin da uku. Ta ƙarshe tana nan sai ta dawo."

"In ba ta dawo ba?"

"Ban kai nan ba tukuna."

"Kin san abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan da ake kiranki?"

"Na sani. In na gudu Gusau na amsa sunan. Uwata a garin nan za ta ci gaba da zuwa rijiya."

Na so in ce mata katun bai kai rai ba. Na auna maganar, na ga ba katun take karewa ba, sai na haɗiye.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci mai unguwa ya aiko a kira Rahina. A zaurensa akwai shi, da Zakariyya shugaban 'yan sintirin unguwa, da dattawa huɗu, da Armiya'u a rakuɓe. Waje kuma matasa sun fi talatin, kowa da waya a hannu. Ba a gayyace ni ba. Na shiga na zauna kusa da Rahina.

Mai unguwa ya ce, "Malama, maganar ta maza ce."

"Ranka shi daɗe, ni na koya maka raba dogon lissafi, kana kuka. Ci gaba."

Dattawa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Zakariyya bai yi dariya ba. Ƙanensa na cikin waɗanda aka kashe a gona bara, ban kuma ga laifinsa ba da ya ƙi dariya.

Ya ce, "Magana ɗaya ta. Ta ba da memori mu sa a waya mu gani. In wasan yara ne, ta tafi gida. In ta ƙi, ni ba ni iya riƙe waɗancan na waje."

Rahina ta ce, "Ba ni bayarwa."

Armiya'u ya ce a hankali, "Rahina, don girman Allah. Safiya da kanta za ta ce ki bayar."

"In ta dawo sai ta faɗa mini."

Wani dattijo ya ce, "Yarinya, ke wa ya naɗa ki? Sarautar mi ce wannan da za ki mutu a kanta?"

"Ba wanda ya naɗa ni, Baba. Kowa ya ƙi, ni na ɗauka. Tun da na ɗauka ba ni ajiyewa a tsakiyar hanya."

Hayaniyar waje ta ƙaru. Na buga sandata a ƙasa.

Na ce, "Zakariyya, kai abin da kake so ka san abin da ke ciki, ko kuwa ka gani da idonka?"

"In sani."

"Ke kuma, dokarku ta hana 'yan ƙungiya, ko ta hana duk mai rai?"

Ta ce, "'Yan ƙungiya. Da duk wanda zai yaɗa."

"Ni ba 'yar ƙungiya ba ce. Wayata ko hoto ba ta ɗauka. Ina da tsohuwar kwamfutar makaranta da ba ta taɓa shiga intanet ba. Zan kalla ni kaɗai, daga farko har ƙarshe, in buɗe duk abin da ke cikin memorin, in rubuta abin da na gani in sa hannu. Zakariyya ya zauna a ƙofar ɗakina ya tabbatar ba a sauya komai ba. In na yi ƙarya, kun san gidana, ba ni da ƙafar gudu."

Zakariyya ya ce, "In kin rufa mata fa? Ɗalibarki ce."

"Kai ma ɗalibina ne. Na taɓa rufa maka?"

Wannan karon har shi sai da ya kau da kai. Mai unguwa ya dubi dattawa, ya ce an yarda.

Rahina ba ta miƙo nan take ba. Ta ce, "Malama, sai kin yi alkawari. Ko Zakariyya, ko mai unguwa, ko jikokinki. Ba ki faɗin yadda ya ƙare."

"Na yi."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro shi a naɗe cikin ledar magani, ta sa a tafin Zakariyya, shi ya riƙe har gidana, matasan na biye da mu kamar rakiyar amarya. Ya sa shi a kwamfutar da hannunsa, ya fita ya zauna a dokin ƙofa, ya ba ni baya. Na sa abin ji a kunne.

Ban san farkon labarin ba, don haka rabin abin ya wuce ni. Mutane masu manyan idanu suna ta gudu a kan ruwa. Na gane Balaraba tun kafin ta gama kalmar farko, ashe a daren da muka dawo Rahina ta haɗa muryarta. Na gane Armiya'u, wai shi ne wani tsohon kifi mai ba da shawara. Muryar yarinyar mai wasiƙu siririya ce, da ɗan kaushi, tana cewa "tahi" da "hwaɗi" irin na mutanenmu, a bakin 'yar Japan. Da ya ƙare na buɗe sauran abubuwan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a yi amfani da su ba, na saurari kowanne. La'asar ta yi mini a nan. Na yi salla, na ɗauko takarda.

Da na fito Zakariyya ya karanta, ya sake karantawa, ya fita ya karanta wa na waje da ƙarfi. Wasu suka watse. Wasu suka tsaya suna gunaguni, har yau ma akwai masu yi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To Malama, yarinyar ta kai wasiƙar?" Na ce ya je ya tambayi uwarsa.

An yi taro ran Asabar ta sama, a zaurena. Motoci biyu daga Zurmi, uku daga Shinkafi, Balaraba da hular kwali mai faɗin faifai. Zakariyya ya turo mutum huɗu suka tsaya a ƙofa, biyu daga ciki suka ƙare a kan benci suna kallo. Da fitowa ta ashirin da uku ta ƙare, Rahina ta tashi ta kashe majigi, ta ce sauran sai Safiya ta dawo. Ba wanda ya yi gardama. Armiya'u ya tambaya ko akwai mai son kujerar shugaba ta baɗi, aka yi tsit, ya rubuta sunanta.

Takardar tana wurin mai unguwa. Ga abin da ke cikinta:

Ni Asibi, tsohuwar shugabar makaranta, na duba memorin Rahina Alhassan gaba ɗaya ranar Juma'a. Akwai fim ɗin katun guda ɗaya, minti ashirin da uku, da muryoyin mutum goma sha ɗaya na Kaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da Kurya Madaro. Akwai guntayen muryoyi ɗari da sittin da biyu na waɗannan mutanen, duk maganganun fim ne. Babu sunan gida, babu lambar waya, babu hoton kowa. Rahina ta je Kurya Madaro ranar Talata, ta ɗauki muryar Safiya a ɗakin uwarta, ta dawo a motar Usmanu kafin la'asar. Safiya tana hannun mutanen daji, yau kwana goma sha shida.